Na Rubuta Labarin Gidan Da Na Tashi Ina Agola, Yanzu 'Yan Gida Sun Gane Kansu

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 43, ina da aure da yara biyar. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, a 1989 Innata ta sake aure ta tare da ni, lokacin ina shekara 7. Mun tarar da uwargida, Hajiya, da 'ya'yanta shida. Baba, haka na tashi ina kiransa, ɗan kasuwa ne mutumin kirki amma ba mazauni ba ne. Wallahi Anti na sha wuya a hannun Hajiya, ba wai duka ba, wariya ce. Ranar girkinta ni ake zuba wa a ƙarshe, wani lokacin ma ƙanzo ne rabona, in an yi wa yara ankon Sallah nawa daban ake yankowa, in baƙi suka ce wannan fa 'yar waye sai ta ce agolar gidan ce, a gabana. Inna ba ta cewa komai sai dai ta ja ni ɗaki ta ce in yi haƙuri.

To amma zamani ya juya. Da Inna ta kwanta ciwo a 2011 Hajiyar nan ce ta yi jinyarta, asibiti da gida, har ta cika a hannunta. Haihuwata biyu na ƙarshe ita ta zo ta yi min wankan jego. Baba ya rasu a 2018. Yanzu ta tsufa, ciwon ƙafa ya hana ta fita, duk Juma'a ina kai mata abinci kuma 'yata take ce min.

Bara na fara rubuta nobel ina sakawa a guruf na WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad, labarin wata agola. Na canza sunaye amma gidanmu ne sak, har mutuwar auren babbar 'yar Hajiya da muke ce wa Yaya na saka. Na kai feji 30, mutane sun biya kuɗin karatu, kullum tsine wa uwargidan suke a komen. Sai wata ta tura wa Yaya. Ta kira ni tana kuka ta ce na ci amanar gidan da ya riƙe ni, ta fita daga guruf ɗin gida. Ƙanena da muke uwa ɗaya ya ce in goge kawai. Hajiya ba ta sani ba tukuna, ba ta karatun boko. Ni kuma ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma tunda na fara rubutun nake jin wani nauyi yana sauka daga ƙirjina. In goge ne ko in ci gaba?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinki da Inna da Baba, Ya ba Hajiya lafiya. Bari in ba ki amsar tun farko kar in ja miki rai: kar ki goge labarin daga hannunki, amma ki dakatar da fostin yau ɗin nan, ba gobe ba, sannan ki sauke abin da kika riga kika ɗora. Littafin da ya dace ki rubuta yana nan zuwa, sai dai ba shi ne wannan da yake yawo a wayoyin mutane ba.

Kafin komai ina so ki sani na yarda da ke. Yarinya 'yar shekara 7 da take tsaye da kwano tana jira a gama zuba wa yara shida kafin a kankaro mata gindin tukunya, wannan ba abu ne da ake mantawa don an girma an yi aure an haifi biyar ba. Ranar Sallah kowa ya fito iri ɗaya ke kin fito daban, duk wanda ya kalli layin yaran ya san wacece bare ba sai an faɗa masa ba. Mutane za su ce miki ai ba a doke ki ba, ai an ciyar da ke, ai wasu sun ga abin da ya fi haka, duk gaskiya ne kuma duk bai goge komai ba. Shekara talatin da wani abu kina riƙe da wannan ba ki taɓa samun wanda ya ce miki an zalunce ki ba, Inna haƙuri take ba ki, Baba bai gani ba ko ya gani ya kau da kai, sai ga baƙi a intanet sun faɗa miki da babbar murya. Dole ki ji sanyi. Ban ga laifinki ba a kan wannan ko kaɗan. Kuma zancen wai kin ci amana don kin buɗe baki, ban karɓe shi gaba ɗayansa ba. Gaskiya ne ciyar da agola ba wajibi ba ne a kan mijin uwa a shari'a, abin da Baba ya yi miki alheri ne tsantsa kuma ya cancanci addu'arki har ƙarshen rayuwarki, amma alheri ba ya zama kuɗin toshiyar baki. Annabi (SAW) kansa ya riƙi 'ya'yan Ummu Salama, kuma hadisin nan da muke koya wa yara na ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci daga gabanka, ga Umar ɗan Abu Salama aka faɗe shi, agolansa, suna ci a kwano ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin, kuma gidanku bai kai shi ba a wancan lokacin.

To amma ƙanwata, maganarki ta ban yi ƙarya ko ɗaya ba, nan ne nake so mu tsaya. Kin san hadisin da Muslim ya ruwaito, da Annabi (SAW) ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, aka ce in abin yana tare da shi fa, ya ce in yana tare da shi ka yi gibarsa, in babu kuma ka yi masa ƙage. Kin ga kenan gaskiyar magana ba ta wanke ta. Malamai sun ce in ba a iya gane wanda ake nufi ba to ba giba ba ce, shi ya sa ƙagaggen labari yake da fili, amma ke da bakinki kin ce gidanku ne sak, kuma hujjar ita ce wata can ta karanta ta gane ta tura wa Yaya. In mutum ɗaya ta gane, ki ƙaddara goma sun gane sun yi shiru, har da surukan 'ya'yan Hajiya da maƙwabtan tsohuwar unguwarku. Canza Hajiya wance zuwa Hajiya wance ba ɓoyewa ba ne in an bar yawan yaran da sana'ar maigidan da shekarar da aka yi komai.

Yaya ita ta fi kowa gaskiya a rigimar nan, kuma ina so ki ji wannan ba tare da kin ɗaure fuska ba. Ƙanzon da ankon naki ne, ke aka yi wa, kina da haƙƙin faɗa. Mutuwar aurenta fa? Wannan ba labarinki ba ne, nata ne, ke kin sani ne kawai saboda an ɗauke ki 'yar gida an yi zancen a gabanki. Mace ta sha baƙin cikin sakin aure, ta haɗiye, shekaru sun rufe, ƙila yanzu tana da 'yan mata da ake neman aurensu, kawai ta buɗe waya ta ga sirrinta a feji na kaza mutane suna tafka muhawara a kai, ga kuma ɗaruruwan bakuna suna tsine wa uwar da ta haife ta, tsohuwar da take kwance ba ta iya zuwa ko ƙofar gida. Ki ɗauka Inna ce ake yi wa wannan tsinuwar. Kukan da ta yi miki a waya ba na makirci ba ne. Kuma ki lura, ba zagi ta kira ta yi ba, kuka ta yi, mutum ba ya yi wa bare irin wannan kukan.

Sai Hajiya. Ba zan wanke ta ba, abin da ta yi wa marainiya ba daidai ba ne ko da wane dalili. Amma ki yi lissafi, a 1989 mai 'ya'ya shida da aka aurar da wuri kamar yadda ake yi a lokacin, ta yiwu ko shekarunki na yanzu ba ta kai ba. Shekarun SAP ne, wato shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin lokacin, tun 1986 aka karya darajar naira, kaya suka yi tashin gwauron zabi, har tarzoma aka yi a ƙasar nan a 1989 ɗin saboda tsadar rayuwa, ki tambayi duk matar da ta riƙe gida a lokacin yadda cefane ya koma. A cikin wannan hali maigida ya shigo da amarya, amaryar kuma ba ita kaɗai ba har da ƙarin baki, kuma ina shakkar ko an zauna da ita an yi shawara. Ba ta iya huce haushinta a kan Baba ba, ba ta iya fito-na-fito da Inna kullum ba, sai ya sauka a kan wadda ba ta da ƙarfi. Haka zalunci yake tafiya a gidaje da yawa, ƙasa yake gangarowa. Wannan bayani ne ba uzuri ba. Amma matar da ta zauna tana juya kishiyarta a gadon asibiti, tana wanke ta, tana ba ta abinci a baki har rai ya yi halinsa, sannan ta zo gidanki ta tashi da asuba ta hura wuta ta dafa ruwan wanka da ganye, ta dama miki kunun kanwa har ki yi arba'in, ba sau ɗaya ba sau biyu, ita ma Hajiya ce. Babu wanda ya tilasta mata, Inna ba ta nan balle a ce don ganin ido ne. Mutanen wancan zamanin da yawansu bakinsu ba ya iya furta ki yafe min, sai dai su faɗa da hannu da ƙafa, kuma ni a ganina ta daɗe tana faɗa miki.

Akwai kuma mutum biyu da na ga kin ɗauke wa nauyi a wasiƙarki, ina zargin a littafin ma haka ne. Baba mutumin kirki ne, na yarda, amma shi ne maigida, shi yake ba da kuɗin ankon, in da sau ɗaya ya ce a yanko bakwai iri ɗaya da magana ta ƙare. Rashin zama ba ya sauke wannan. Ita kuma Inna, shirunta ina jin tsoro ne ba rashin so ba. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa in ta auri wanda ba muharramin ɗanta ba haƙƙin reno yana iya barin hannunta ya koma wajen kaka, kuma a al'ada ma dangin uba suna iya zuwa kowane lokaci su ce a ba su 'yarsu. Mata da yawa a wajen iyayensu suke barin yaran su tare su kaɗai. Ita ta ƙi barin ki, ta shigo da ke, kuma ta san ranar da ta ɗaga murya a kanki amsar da za ta iya ji ita ce to a mayar da ita gidan ubanta mana. Haƙurin da take ba ki a ɗaki, ƙila shi ne kuɗin da take biya don ki kwana kusa da ita. Ban faɗi wannan don ki ji haushin mamata ba, na faɗa ne don ki ga nauyin gidan nan ba a kan mace ɗaya yake ba.

Yanzu bari in yi miki magana a matsayin mai karatu, don ina karanta littattafan nan. Tun tsakiyar shekarun 1980 da littattafan Hausa na kasuwar Kano suka bunƙasa mata suke rubutu a kan kishi da 'yan ubanci, muguwar uwargida da muguwar matar uba an rubuta su har an gaji, yanzu ma a guruf-guruf kullum sai an ɗora sabuwa. Abin da yake hannunki wanda ba kowa yake da shi ba shi ne 2011, da wankan jegon, da kwanon Juma'a. Yadda mace ɗaya ta tashi daga agolar gidan ce ta koma 'yata a cikin shekara talatin, ba tare da boka ko hatsarin mota ko wani wa'azi na dare ɗaya ba, sai dai tsufa da ciwo da mutuwa da zama tare, wannan shi ne littafin. Kuma tsarin ɗora feji-feji yana cutar irin wannan labarin, domin masu komen su suke jan alƙalamin, in suka tsine wa uwargidan yau gobe sai ki ji hannunki yana ƙara mata gishiri don a sake tafawa, ko ba ki yi niyya ba. Feji 30 kin yi da idon 'yar shekara 7. Mai shekara 43 ba ta fara rubutu ba tukuna.

To ga yadda nake ganin za ki bi. Ki sanar a guruf cewa kin dakatar da labarin saboda uzurin gida, kar ki yi dogon bayani don bayanin ma wani tonon ne, ki roƙi adimin su cire, ki sauke na Wattpad, ki ce duk wadda take son kuɗinta ta yi magana ki mayar mata ta taransfa, wadda ta yarda ta jira kuma sabon zubi kyauta ne gare ta. Kuɗin mutane haƙƙi ne kar ki yi wasa da shi. Ki sani wanda aka riga aka kwafa ya tafi, ba za ki iya dawo da shi duka ba, amma labarin da ba a ci gaba da shi ba saurin mutuwa yake a intanet, mako biyu sun koma kan wani.

Daga nan sai Yaya, kuma da ƙafa, ba saƙon murya ba, ba a guruf ɗin gida ba. Ki je gidanta da safe lokacin da yara suka tafi makaranta. Kar ki fara da ai ke ma kin san abin da aka yi min. Ki fara da abin da yake laifinki ne zalla: Yaya, saka zancen aurenki da na yi ban kyauta ba, ba ni da hurumi, na cire, ki yafe min. Ki tsaya nan ki bar ta ta yi faɗanta har ta gama. In ta huce, a ranar ko a wata ranar, sannan ki ce mata akwai abin da yake cin ki tun kina yarinya wanda ba ki taɓa samun wajen faɗa ba. Ita ce babba, ta ga komai da idonta, kar ki yi mamaki in ta ce ta tuna, kar kuma ki yi mamaki in ta ce ita ma ta sha nata, don shigowar amarya ba ke kaɗai ta taɓa ba, ita ma ta kwana tana jin kukan uwarta. In kina ganin ba za ta saurare ki ba ki ɗauki wata babba da ku duka kuke jin nauyinta, gwaggo ko aminiyar Inna.

Maganar Hajiya ta fi laushi, a nan ba zan ce dole ba. Abin da nake tsoro shi ne ta ji a bakin 'yan kai-ka-wo, a karanta mata feji mafi zafi a haɗa da tsinuwar masu komen, ga tsufa ga ciwo. Don haka ki yi shawara da Yaya, in kun ga zancen zai iya kai mata to gara ta ji daga bakinki a taƙaice: Hajiya na yi wani rubutu a kan zaman gidanmu na da, ya ɓata wa su Yaya rai, na janye, ki yafe min. In kun tabbata ba zai kai mata ba, kuma lafiyarta ba za ta ɗauka ba, ku bar ta. Amma ko ta sani ko ba ta sani ba kar ki fasa zuwan Juma'a ko sau ɗaya, yanzu ne ma ya fi muhimmanci. Kuma in kin je ki riƙa jan ta da hira a kan da, ba tuhuma ba, tambaya: shekararki nawa aka yi miki aure, ya kika ji ranar da Baba ya ce zai ƙara, ya kuka ƙare da Inna a asibiti, me ta ce miki. Tsofaffi suna son a tambaye su. Ki shirya zuciyarki, tana iya cewa ba ta tuna zancen ƙanzo ba, tana iya kuma fashewa da kuka ta faɗi abin da kika shekara talatin kina jira. Kar ki je da sharaɗin sai ta faɗa.

Ƙanenki kuma ki yi masa uzuri, shi a tsakiya yake, ke uwa ɗaya su Yaya uba ɗaya, duk inda aka yanka jikinsa ne. Ki gaya masa kin sauke, ki kuma gaya masa ba za ki daina rubutu ba, don kar ya ɗauka an rufe babin.

Sannan ki koma kan littafin a nutse, ke kaɗai, ki gama shi tas kafin kowa ya gani. Ki ɗauke gidan daga garinku ki kai shi wani gari, ki canza sana'ar maigidan da yawan yaran da shekarun, agolar ma tana iya zama namiji, ki cire duk wani sirri da ba naki ba ne, ki haɗa da abin da kika gani a wasu gidajen don agola ba a gidanku kaɗai take ba. Abin da za ki riƙe shi ne yadda abin yake a zuciya, wannan ba mai iya cewa nasa ne. Ki ba uwargidan babi nata da za ta yi magana da bakinta. In kin gama ki ba Yaya ta fara karantawa, ba don ta ba ki izini ba, don ta nuna miki inda har yanzu ake iya gane mutane. In kuma kika ga ba za ki iya canza komai ba saboda ainihin abin da ya faru kike buƙatar zubarwa, to ki rubuta shi a littafinki na hannu ki adana, nauyin zai sauka ko ba mai karatu ko ɗaya, ki bar na bugawa sai wani lokaci. Maigidanki ma ki sanar da shi halin da ake ciki tun kafin ya ji a waje.

Ki fara da sauke fostin ɗin yau, Yaya kuma kar ya wuce makon nan. In kin je ki sake rubuto min yadda kuka yi.